Gwangwanaye Goma Sha Bakwai

Mako uku da binne Baba muka buɗe garejinsa,
ni da ƙanena Veikko, a Duluth,
tafki ya daskare har iyakar ganin ido.
A kan kanta, bayan tsohuwar rediyo,
gwangwanaye goma sha bakwai sun yi sahu,
ba wanda ya kai musu labarin rasuwa.

Arvo Lahti, mai lodin tama a jiragen tafki,
ba ya caca, ba ya cin bashi,
ko fasto ya yi wa'azi sai ya ja masa.
Amma ƙarfe biyun dare in ya taso aiki
talabijin kaɗai ke farke a gidan,
ga wani mai jar kwat, haƙora fari tas,
ya kwara fetur a bonet, ya ƙyasta ashana,
ya share da tsumma, fenti ko gezau.
Sai Baba ya miƙa hannu ga waya,
shi da ba ya sakin sisi a kasuwa.

Haka suka riƙa isowa a kwali.
Kakin da aka ce shafa ɗaya ya kai shekara.
Wani ruwa mai kaurin zuma da ake ɗura wa inji,
a talla sun tsiyaye baƙin mai ƙaf
motar na ta gudu, jama'a na tafi.
Maganaɗisun da ake ɗaure wa bututun fetur
wai ya jera mai kamar soja a fareti.
Feshin ƙyallin taya kuwa, ya fesa har a feda,
ƙafa ta zame, ya afka shingen Madam Ostrowski,
har ta bar unguwar ba ta ƙara amsa masa gaisuwa.

Mama tana wanke kofi, ba ta ko waiwayo:
"Arvo, wanda ya sayi rariya
ya san za ta zubar da ruwa."

Shi yana goge sama,
gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara
yana can ƙasa yana cin abinsa.
Wata rana na ɗaga tabarmar ƙafa a kujerar baya
na hango kwalta tana gudu ta rami,
alhali rufin motar, in ka leƙa,
har ƙurjin fuskarka zai nuna maka
kamar madubin amarya a ɗakin uwa.

Ban san shekarar da suka fara ɓacewa ba.
Mai jar kwat ya koma tallar wuƙaƙe, daga nan shiru.
Lambar wayar ta daina shiga.
Baba ya je shago ya ambaci sunan kakinsa,
yaron kanti ya ce ya maimaita,
ya nuna masa wasu kwalabe baƙaƙe
masu sabon alkawari da sabon kuɗi.
Ya ce banza ce ta kori wofi, ya fito,
ya riƙa lallaɓa ragowar nasa da bayan cokali
kamar mai rabon magani a shekarar annoba,
yana yi masa tsimi, yana kai shi inuwa.

Veikko ya ce a kai su inda ake zubar da guba.
Muka loda sha shida.
Na ƙarshen na ɓamɓare murfinsa da makulli,
ya bushe, ya tsattsage kamar diddige,
da sawun yatsu uku a tsakiya.
Ƙamshin ya bugo ni: Asabar, rediyo, soso a hannuna,
muryarsa na cewa "zagaye, Aili, kar ki danna."

Na lakato kaɗan, na shafa a ƙofar motata,
faɗin tafin hannu kawai.
Veikko na ta hon, ni ina tsaye cikin sanyi
ina jiran ƙanƙarar rufin gareji ta ɗigo,
in ga ko har yanzu yana dunƙule ruwa.